Ƙarshen Littafi a Ƙwaryar Fura

Dakoro, tsakiyar watan Maris

Zuwa ga ƙawata kuma 'yar uwata Ma'u,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka kuwa? Ki gaishe ta, ki ce ina yi mata addu'a. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara nuna hali. Maigidana Baban Uwale yana can wajen Rumbu suna yi wa dabbobi allura, Uwale kuwa ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo.

Kin ce saƙon muryata yana cika miki waya. To ga takarda, ki karanta a ɗakin aikinki mai sanyi a Yamai, ki ji yadda talakawa ke fama.

An kawo mana gasa. Wata ƙungiya daga Maraɗi ta rubuto wa lise ɗinmu, wato sakandaren da nake koyarwa, cewa a watan Mayu za a tara makarantun yankin Dakoro a gwada sanin yara a kan adabin Ingilishi, na dauri da na zamani, yara uku daga kowace makaranta. Da na ji har na yi murna, kin san ni. Sai da aka miƙo mini samfurin tambayoyin murnar ta koma ciki. Wace shekara marubuci kaza ya mutu. Mata nawa mawaƙi kaza ya aura. Mene ne sunan karen da ke cikin littafi kaza. Ma'u, duk wahalar da muka sha a jami'a ni da ke, ashe don a tsayar da yaro a tambaye shi sunan kare ne? Babu tambaya ko ɗaya da ke son a faɗi dalilin da ya sa mutum ya yi abin da ya yi. Wanda ya haɗa su, na rantse bai taɓa wuce bangon littafi ba.

Da son raina ne da ba mu shiga ba, amma Direkta Mahamadu ya riga ya ɗaure ni. Kin tuna ɗan ɗakin nan da na ba ki labari, tsohuwar mangazar ajiyar kaya da na share da hannuna, na kori jemagu, na ajiye akwatin ƙarfe na littattafai, inda nake karatu da yara ranar Asabar? Ya kira ni ya ce ana bukatar ɗakin don ajiye siminti da karyayyun tebura. In yarana sun ci gasar, ɗakin ya zama na karatu har abada. In sun faɗi, in kwashe akwatina. Yana faɗa yana sakace haƙori, ko kallona bai yi ba. A garin nan kaf babu wani wuri da yaro zai zauna ya buɗe littafi don jin daɗi sai ɗakin nan, saboda haka dole in ci gasar da nake ƙyama.

Abin da ke cikin akwatin bai taka kara ya karya ba: ɗan siririn littafin waƙoƙi, wasan kwaikwayo ɗaya, labarai biyu na zamani, sai namu. Kin tuna ƙaton littafin nan mai jan bango da muka saya a bakin hanya, muka riƙa faɗa a kan wadda za ta fara karantawa? Labarin matar da mijinta ya mutu ya bar mata tumaki, mai ƙasa ya gina katanga ya toshe hanyar da take bi ta kai su ruwa, ta kai shi gaban alƙali. Yana cikin waɗanda za a yi tambaya a kansu. Guda ɗaya gare ni, yara uku, lokaci ya ƙure. Na roƙi Direkta a yi fotokofi, ya yi kamar da bango nake. Na duba a waya, ban samu komai ba sai 'yar taƙaitawar da ba ta ko kai shari'ar ba. To ki zauna kafin ki ji abin da na yi. Na sa reza na raba shi kashi huɗu, na ɗinke kowane kashi da zare, na yi masa riga da takardar siminti. In wannan ya gama kashi ya miƙa wa na bayansa. Na san rabin littafin naki ne, ki zage ni son ranki.

Yaran da na zaɓa, biyu maza ne, Zakiru da Attaher. Suna da ƙoƙari, amma suna karatu kamar masu shan maganin zazzaɓi. Ta ukun ita ce take sa ni tashi da safe da ƙarfi. Sunanta Aisa, 'yar makiyaya ce daga wajen Tagris, bana za ta yi bak, jarrabawar gama sakandare. Tana zaune a gidan Alhaji Abarci, shugaban iyayen yara, wanda shi ne mai masaukin mahaifinta in ya kawo dabbobi kasuwa. Da farko tana tafiya a hankali, yatsa ɗaya a layi, ɗaya a ƙamus. Ran nan sai ga ta ta shigo fuska a murtuke, ta ajiye kashin farko a gabana ta ce, “Madam, ashe su ma ana tare masu burtali?” Ashe bara an nome hanyar da dabbobinsu ke bi zuwa rijiya. Tun daga ranar take faɗa da mutanen cikin littafin kamar maƙwabtanta ne.

Ki taya ni addu'a. Ki gaishe da duk wanda ya tambaye ni.

Taki har kullum,
Hamdiya

Dakoro, makon farko na watan Mayu

Ma'u 'yar uwa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida. Na ji daɗin jin Inna ta fara takawa, Allah ya ƙara sauƙi. Zaginki a kan littafin ya iso, na karɓa. Ki tanadi sauran, domin abin da zan faɗa miki yanzu ya fi reza muni.

Tun da aka ce gasa, Alhaji Abarci ya ɗauki abin ya ɗora a kansa. Mutumin nan dillalin shanu ne, amma a ƙuruciyarsa 'yan kokowa yake riƙewa, shi ke shirya su kafin su shiga fili, kuma har yau gani yake duniya duka filin kokowa ce. Ya fara da aiko wa yaran madara da dabino, na ce Allah ya saka. Ya zo ya tambayi sunayen yaran sauran makarantu da na iyayensu mata, na yi kamar ban gane ba. Ban san ashe sharar fage yake yi ba.

Aisa ta riga mazan nisa. Ranar Alhamis ta gama kashi na uku, inda aka tsaya ana gobe shari'a, ta karɓi na huɗu tana rungume da shi kamar jariri, ta ce Lahadi za ta zauna ta cinye shi. Babu wanda ya karanta wannan kashin a cikinsu. Da ta isa gida Alhaji ya tambaye ta wane ɓangare ne ya rage, ta faɗa masa gaskiya, ya ce ta kawo ya gani. A gidansa take ci take kwana, me za ta ce?

Ranar Asabar na shiga ɗakin karatu na tarar da taro. Alhaji yana zaune a kan akwatina, Direkta yana tsaye, yaran uku sun durƙusa, a tsakiya ga ƙwaryar fura wadda launinta ya koma kamar ruwan kwata. Ɗakin yana warin ƙonanniyar takarda da tsohon danƙo. Ma'u, kashi na huɗu ne. Ya ƙona shi a kasko, matarsa ta daka tokar, ta tankaɗe, aka dama da fura da nono da wani sassaƙe. Direktan lise guda, mai takardun jami'a, shi ke riƙe da ludayi. Zakiru ya ɗago ya dube ni haƙoransa baƙi ƙirin, wani ɗan guntun da bai ƙone ba ya manne masa a leɓe, har ina iya ganin haruffa a jiki.

Alhaji ko a jikinsa. Ya ce mini, “Madam, ke kin san takarda, ni na san hili. Ba a shiga da ƙarhi kaɗai. Ƙasar sawun abokin karo a ka ɗiba a jiƙa ma yaro shi sha. To a nan littahin ne abokin karo. Abin da sunka karanta ya shiga kai, ba ruwana da shi. Wanda ba su karanta ba, shi na sa masu ciki.” Yana magana yana murmushi irin na wanda ya yi maka alheri yana jiran godiya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa ko akuyar da ke cin kwali a bakin kasuwa ta fi wannan hankali, don ita yunwa ce ke sa ta. Na ce in haka ake ilimi a rufe lise a buɗe wurin dama fura. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Aisa ta riga ta sha nata ludayin kafin in shigo. Tana jin muryata ta tashi, ta nemi izinin fita, ta daɗe ba ta dawo ba, kuma da ta dawo ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Direkta ya ja ni waje ya ce, “Madam, Alhaji shi ya ruhe mana kilas biyu da kwano. Takarda ce hwa, mi ya yi zahi?” Nan take ya cire ni daga shirya yaran, wai na ci mutuncin babba a gaban 'ya'yansa. Alhaji kuma ya kwashe su ya kai gidansa ya killace, mazan a zaure, Aisa a ɗakin matarsa, kamar yadda ake ɓoye ɗan kokowa kafin ranar karo don kada mai mugun baki ya gan shi. Mai mugun bakin kuwa ni ce. Ko ƙofar gidan an hana ni zuwa, balle in zaunar da su in ba su ƙarshen labarin da baki. Garin duka ya ji cewa an raba ni da su.

Malam Halidu, mai koyar da Larabci, ya same ni a ɗakin malamai ya ce wannan abu babu shi a addini, babu shi a hankali, shirme ne tsagwaronsa. Na ji sanyi, sai dai a hankali ya faɗa, bayan ya leƙa ya ga babu kowa a baranda.

Abin da ya fi ci mini rai, kin san shafukan nan. Kin tuna yadda muka karanta su kai da kai a kan katifa ɗaya, kina cewa in jira ki kada in juya. Yanzu suna cikin hanjin Zakiru. Gasar saura 'yan kwanaki, kuma ɗakin yana nan a kan sharaɗinsa. Ban san me zan roƙa ba in na ɗaga hannu.

Ki gaishe da yara.

Taki,
Hamdiya

Dakoro, tsakiyar watan Mayu

Ƙawata Ma'u,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Muna lafiya. Baban Uwale ya dawo ya yi baƙi kamar gawayi, ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, na yini ban yi masa magana ba.

An yi gasa, kuma mun ci. Kada ki yi saurin yi mini barka, ki karanta tukuna.

A filin gidan matasa aka yi. Manya a inuwar rumfa a kan kujerun roba, yaran makarantu a rana. An ce da hantsi za a fara, ba a fara ba sai da babban baƙo ya ga dama ya iso, rana ta take tsaka. Ni can baya na samu wuri, kusa da masu sayar da ruwan leda, tunda ba ni cikin masu shirya yara. Kafin a yi tambayar farko wani maroƙi da Alhaji ya zo da shi ya karɓi mikro ya shelanta wa duniya cewa yaran Alhaji Abarci sun sha abin da ba su karanta ba, yau za a ga aiki. Mutane suka yi ta shewa. Alƙalan gasar uku, da suka zo daga Maraɗi, suna ji, suka yi murmushi suka ci gaba da shan lemonsu.

Mai karanta tambayoyin daga wayarsa yake karantowa, kuma yadda yake kiran sunayen marubutan, da suna raye da ba su waiwayo ba. Shekarar mutuwa, shekarar haihuwa, wa ya rubuta wannan, wa ya auri wance. Yara suna tashi suna harbo amsa kamar masu tofar da ƙwallon magarya. Wani yaro ya faɗi sunayen littattafai goma a numfashi ɗaya, na tabbata in ka ce ya ba ka labarin ɗaya sai ya fashe da kuka. Tambayar karen nan ma ta fito, Zakiru ya amsa daidai, aka buga ganga kamar ya kayar da wani ƙato. Na zauna ina tunanin mutanen da suka ƙarar da idanunsu suna rubuta littattafan nan, da abin da muka mayar da su a filin nan.

Duk da haka yarana sun yi abin kirki, ba zan ɓoye ba. Duk tambayar da ta taɓa cikin labari, ba bangonsa ba, su ke ɗauka, don sun karanta. Aka yi ta zubar da makarantu har ya rage mu da wata makarantar kuɗi, makinmu daidai da nasu. Aka ce tambaya ɗaya ta rage, wanda ya amsa ya ɗauka. Mutumin ya murza wayarsa ya karanto: a littafin matar nan mai tumaki, yaya shari'ar ta ƙare?

Yaran makarantar kuɗin suka dubi juna, ba su sani ba. Zakiru da Attaher suka sunkuyar da kai. Na fara lissafin inda zan ajiye akwatina a gida. Sai Aisa ta miƙe. Sannan ta yi magana da Ingilishi, a hankali, kalma bayan kalma. Ta ce matar ta faɗi shari'a. Ta ƙara da cewa maƙwabcinta, wanda ke yi wa tumakinta aski, shi ya tsaya ya ba da shaida a kanta. Mai tambayar ya dubi waya, ya ƙara murzawa ƙasa, ya ɗago da mamaki ya ce daidai ne, har abin da bai tambaya ba ma daidai ne.

Filin ya kece. Amma ba wajen Aisa aka ruga ba. Alhaji Abarci aka ɗaga sama a kafaɗu, babbar rigarsa tana ta iska, ana zagaya fili da shi ana kiɗa. Yarinyar tana nan tsaye da mikro a hannu har maroƙin ya zo ya fizge. Aka ba da kofi da kwali guda na sababbin littattafai, Direkta ya karɓa ana ɗaukar hoto. Da ya hango ni ya taho yana washe baki ya ce, “Kin gani ko, Madam? Ɗaki naki ne. Sai ki tahi ki ba Alhaji haƙuri.”

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Lokacin da ta ambaci mai askin tumakin, tsikar jikina ta tashi. Na san ba ta karanta ba, na san ban faɗa mata ba, na san babu wani littafin a garin nan. Na ɗan lokaci kaɗan, ni Hamdiya, na ji zuciyata tana cewa ko dai furar ce ta yi aiki. Na dawo gida na yi wanka, amma ƙyamar kaina ba ta fita ba.

Ban samu ganinta ba har yanzu. Ki rubuto mini ko da layi biyu ne.

Taki,
Hamdiya

Dakoro, farkon watan Yuni

Ma'u,

Ina miki sallama, ina tambayar lafiyarki da ta Inna da yara. Mu muna nan, hadari yana haɗuwa yana watsewa, ruwa bai sauka ba tukuna.

Kin rubuto kin ce in kwantar da hankalina tunda ɗaki ya tsira. Ɗaki kam ya tsira. An ma shafe shi da farar ƙasa, an rubuta sunan Alhaji a saman ƙofa, an ba shi mabuɗi na biyu. Ban taɓa ganin ɗakin karatu ya yi farin jini irin wannan ba. Jarrabawar bak ta matso, kullum da safe sai ki ga iyaye sun yi layi a ƙofarsa, wasu daga ƙauyuka, kowa da 'yar ledarsa. Direkta ya yanke cewa kowane ɗalibi shafi ɗaya, don a yi adalci. Kuma tunda ƙarshen littafi ne ya yi aiki a gasa, kowa ƙarshe yake so, wai ya fi ƙarfi. Daga baya ake yagowa.

Kwalin sababbin nan da muka ci, ko ƙamshinsu ban gama shaƙa ba. Jiya na zauna na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, babu mai ƙarshe. Na cikin akwatina ma ba su tsira ba, wasan kwaikwayon ya tsaya a tsakiyar maganar wani. Siririn littafin waƙoƙin saura bango da gabatarwa. An shiga na lissafi da na falsafa ma. Mai furar bakin ƙofar lise ta ƙaro ƙwarya ta ɗauki mai taya ta. Zakiru da Attaher suna yawo suna ba da labarin yadda suka ji wani zafi ya hau musu kai ranar gasa. Na ce zan kwashe akwatina in kai gida, Direkta ya ce abin da ya shigo lise na lise ne.

Wata tsohuwa ta kama mini hannu a ƙofar ɗakin, ta ce jikanta ne zai yi jarrabawa, ita ba ta san baƙi ba, don Allah in zaɓar mata shafi mai ƙarfi. Ita ban ji haushinta ba, abin da ta ga ya yi aiki take nema wa nata. Waɗanda suka sani suka yi shiru, su nake kallo in ji abinci ya fita raina.

Shekaranjiya bayan la'asar ina tsakar gida ina yi wa Uwale wanka sai ga Aisa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta zaro kashi ukun da suka rage na jan littafinmu daga ƙarƙashin hijabinta. Ta ɓoye su a cikin buhun dussa tun ranar da aka killace su. Na tambaye ta abin da ya hana ni barci, yaya aka yi ta san amsar.

Ta ce, “Madam, ranar da anka ba mu abin nan, na zagaya bayan kilas na sa yatsa na amayar da shi duka. Ba komi cikina ranar gasa.” Ta ce faɗuwar shari'ar ba ta ba ta wahala ba, don ita ba ta taɓa ganin mai tumaki ya kai mai ƙasa ƙara ya dawo da dariya ba. Mai askin kuwa, tun a kashi na biyu ta lura ya daina cin abincin gidan matar, in ta ba shi sai ya ce ya ƙoshi. “Mutum ba shi barin cin tuwonka haka nan, Madam. Na san an saye shi.” Ma'u, ni sai da na karanta littafin sau biyu kafin in ga wannan.

Na ce mu je ta faɗa a gaban Direkta da kowa. Ta girgiza kai. A gidan Alhaji take, shi ke sayar wa mahaifinta dabbobi, in ta ƙaryata shi a bainar jama'a ba ita kaɗai za ta sha ba. Ban matsa ba, gaskiyarta ce. Saboda haka mu biyu muka sani, yanzu ke ta uku.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce abu ɗaya ke damunta. Ta san matar ta faɗi, amma ba ta san inda ta kai tumakin ba bayan an rufe hanyar. Ta ce kullum in ta kwanta sai ta yi ta tunanin ina suka sha ruwa. Na gane ba matar littafin kaɗai take nufi ba. Na buɗe baki zan faɗa mata, kin san na sani, kin san wurin nan ne ya sa mu kuka ni da ke. Sai ta ɗaga hannu ta ce, “A'a Madam, kar ki hwaɗi. Na gaji da abin da a ka zuba mani baki. Ina so in gani da idona.”

To ga roƙona. Ki daure ki fita daga sanyin nan naki ki je wajen masu baza littattafai a bakin hanya, inda muka sayi na farko, ki nemo mini wani, ko ya tsufa ko ya sha ruwa. In ruwa ya sauka aka gama jarrabawa Aisa za ta koma arewa wajen iyayenta, ban san ko za ta dawo ba, saboda haka kada ki yi nawa. Kada ki aiko shi lise, kada ki rubuta sunana a kai. Ki naɗe shi a cikin atamfa ki ba direban da kika saba ba shi saƙo, ki ce maganin dabbobi ne na Baban Uwale. A ɗakina za ta karanta shi, ƙofa a rufe.

Kuma kafin ki biya, ki juya bayansa ki duba da kyau, ki tabbata ƙarshen yana nan.

Ki gaishe da Inna da maigidan, ki shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Hamdiya